Maganaɗisun Babana

Asubar ƙarshen Disamba muka bar Telavi,
ni da babana Tamaz, a bayan motar haya,
shi da hular ulun da ta girme ni,
ni da ladan shekara huɗu na karɓar haihuwa
ƙunshe cikin safa, a can ƙasan jakata.

Kasuwar Rustavi ba ta da ƙarshe.
Motoci sun yi sahu har inda ido ya gaji,
iska na fitowa ta tsakanin tsoffin masana'antu
tana yankan kunne kamar reza.
Baba ya ce, "Eteri, ɓoye haƙoranki.
Dillali ya ga murmushi, ya ƙara ɗari biyar.
Ki so ta a ciki, kada fuska ta furta."

Sai na gan ta. Fara, 'yar shekara biyu,
kujerunta ba su gama ƙamshin kanti ba.
Zuciyata ta riga ƙafata isa.
Gocha, mai zoben azurfa a ƙaramin yatsa,
ya rantse wata tsohuwa ce ke hawanta,
zuwa coci kawai, ran Lahadi, in ba ruwa.
Baba ya ce, "Allah ya ja kwanan tsohuwar nan,
rabin motocin filin ai duk nata."

Ya zaro maganaɗisun ƙofar firjinmu,
wanda ke riƙe takardar kuɗin wuta,
ya bi jikin motar da shi sannu-sannu
yadda nake bin cikin mai juna biyu.
Ƙofa ta kama. Boneti ya kama.
Gefen baya na hagu, sai ya sulale ƙasa.
Baba bai ce uffan ba.
Ya duƙa, ya hure, ya mayar, ya sake faɗuwa.
Gocha ya ɗaga kai kamar mai duban wata.

"Ɗan ƙwarzane ne, an shafe."
"To."
Baba ya taɓa injin da bayan hannu.
"Wa ya ɗumama ta kafin mu iso?
Da sanyinta nake son jin muryarta."

Awa guda muna rumfar mai shayi,
muna gutsurar burodi mai cuku, har ta huce.
Aka murza makulli, ta tashi, ba tari, ba hayaƙi.
Ya dubi robar birki, ya dubi lambar tafiya,
ya ga ba su ƙaryata juna ba.
Ya raɗa mini, "Lafiyarta ƙalau.
Tabon nan shi zai rage mana kuɗinta."

Dala dubu sha huɗu, in ji Gocha.
Sha ɗaya, in ji Baba, yana ɗaure igiyar takalmi.
Gocha ya dafe ƙirji, ya kira 'ya'yansa uku da sunansu,
ya kawo kuɗin jirgi, ya kawo na kwastan.
Baba ya ja hannuna muka juya.
Ƙafata ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi.
"Jibi shekara za ta ƙare," in ji shi,
"mai fili na bin sa haya. Yi ta tafiya.
In kin waiwaya, mun yi asara."
Na ƙirga taku. Goma. Sha takwas. Ashirin da uku.
"Dattijo! Dawo mu daidaita!"

Sha biyu da ɗari biyu, da tayoyin hunturu huɗu,
kuma Baba ya ƙi miƙa ko sisi
sai da komai ya hau takarda, a rubuce, da hatimi.

A hawan Gombori ƙanƙara ta fara sauka.
Baba ya yi barci, bakinsa a buɗe,
maganaɗisun na cikin tafinsa.
Sai a nan na saki haƙorana,
ni kaɗai, da hanya, da fitila.

Ƙarfe uku na daren aka buga waya:
matar Zurab, can ƙauye, faya ta fashe.
Na fito da rigar barci a ƙarƙashin kwat,
raɓa ta daskare a kan gilashi.
Na murza makulli ina riƙe da numfashi.
Da sanyinta ta amsa mini, motata.